Hayaƙin da Aka Rufe

"Turbo ɗin ya tafi," in ji makanike yana goge hannu. "Shi ya sa take shan baƙin mai tana hayaƙi. Gyaran zai ci rabin kuɗin motar."

Tsohon da ya kawo motar ya yi lissafi. Fanshonsa ko taya ba zai saya ba.

"Ba wata dabara?"

"Akwai, amma ba gyara ba ce. In zuba mata mai mai kauri, in cire ƙwan fitilar gargaɗi. Za ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ka kai wa dillali."

Haka aka yi. Da dillali ya tambayi lafiyarta, har rantsuwa tsohon ya yi. A ransa ya ce wanda ya saya shi ya sani, ai shi ma haka aka yi masa da ya saye ta.

Ba a yi sati ba ya ji hon a ƙofar gida. Ya leƙa, sai ga motarsa, ga 'yarsa tana murmushi tana miƙo makulli.

"Baba, na san rashi ne ya raba ka da ita. Na sayar da kekunan ɗinkina duka na karɓo maka. Ko makanike ban kira ba, tunda dillali ya ce ka rantse."