Naman da Ake Bugu da Masaba

Sau uku Saudatu ta karanta shafin tana bin layin da yatsa, sau ukun kuma abu ɗaya ta gani. Littafin darasin Hausa ne na ɗiyarta Zakiyya, 'yar aji uku a ƙaramar sakandaren gwamnati. Darasin sana'ar fawa. An rubuta: "Bayan an yanka dabba an feɗe ta, sai a cusa ta cikin wuta ana zuga har ta yi ja, a ɗora ta bisa uwar maƙera a yi ta bugu da masaba."

"Zakiyya, ke fa ɗiyar mahauci ce. Yaushe kinka ga ubanki na ƙera nama?"

"Inna, haka anka rubuta muna ga allo."

Haka kuwa ta haddace, haka ta zuba a jarrabawar gwaji. Bana sai aka kai takardunsu wata makaranta aka duba, ajin gaba ɗaya ya sha ƙasa. Saura mako uku a yi ta gaske, wadda ke haye da yaro babbar sakandare. Jinaidu, uban yarinyar, ya riga ya yanke: in ta faɗi, boko ya ƙare, ta zauna gida shanyar kilishi. Shi kuwa ba ya maimaita magana.

Saudatu ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta koma ga littafin. Wuri huɗu ta samu inda zance ke yankewa tsakiya ya faɗa wani: saƙa ta ƙare da jefa koma a ruwa, wanzami ya shiga rini da ƙahonsa. A gefen kowanne, ga jan biron malami ya ba da maki cikakke.

Ita makarantar allo kawai ta yi. Boko da girmanta ta koya, ita kaɗai, babu malami, tun shekarar da babbar ɗiyarta Ni'imatu ta faɗo daga kabu-kabu ta shafe zango guda a gida da ɗori a hannu. Ta san wuyar da kowane harafi ya ba ta. Shi ya sa abin ya tsaya mata a wuya. Wane marar tsoron Allah ne zai ɗauki amanar 'ya'yan mutane ya cika musu kai da wannan shirme?

Ta yi sallar walaha, ta ja carbi, zuciyar ta ƙi kwanciya. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa zaure, ta dawo. Daga ƙarshe ta zura hijabi, ta soke littafin a hammata, ta fito daga Tudun Wada da ƙafa, rana na dukan ƙeya.

Ba ta taɓa shiga makarantar ba. Ta tagar da babu murfi ta hango ajin su Zakiyya: yara sun fi tamanin, rabi kan benci, rabi a ƙasa sun ɗora littafi bisa gwiwa. Babu malami. Wata ɗaliba ce tsaye gaban allo tana kwafo darasi daga wani tsohon littafi, sauran na kwafa daga gare ta. Ba mai tambaya, ba mai ɗaga kai. Ƙarar alli kawai.

A gindin darbejiya aka nuna mata Malam Hayatu, siriri, gaban rigarsa duk alli, yana duba tarin takardu. Ta gaishe shi a gajarce, ta buɗe masa shafin. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire hula ya share zufa.

"Hajiya, ni lissahi nika koyarwa. Malamin Hausa ya yi ritaya, ba a aiko wani ba, anka haɗa min aji shidda. Littahin da ni iske, shi nika ba su. Amsa in ta yi daidai da shi, in ba da maki."

"Kai ba ka karanta shi ba, Malam?"

Ya mayar da hularsa, ya miƙa mata littafin.

"To wanda ya rubuta wanga abu bai san mi yake rubutawa ba," in ji ta. "Zane ya yi kurum. Shafi biyu sun manne, ya buɗe su tare ya wuce abinai. Shekara nawa ana ɗura ma ɗiyan mutane wanga? Ku nuna min shi, ko wane ne. Ni dai sai ya gaya min mi Zakiyya ta yi mai."

"Shekara shidda ke nan," ya ce a hankali. "Kuma ba rubutun malami ba ne. Iska ta yaye rufin ofis, ruwa ya cinye littahin tsohon malamin. Sai ya tara na ɗalibai ya zaɓi wanda ya hi tsabtar rubutu."

Ya aika aka karɓo littafin daga hannun mai rubutu a allo. Bangon ya yi laushi don sha hannu, an ɗaure tsakiyarsa da zare. Saudatu ta karɓa a fusace ta juya shi, ta karanta sunan da ke kai: Ni'imatu Jinaidu, aji uku.

Ta buɗe. Haruffa ne manya, tsaye cak, kowanne an danna shi har ya fito ta bayan takarda. Ba hannun Ni'imatu ba ne, don a zangon nan hannun Ni'imatu na cikin ɗori. Saudatu ce ke aro littafin ƙawar yarinyar kullum da la'asar tana kwafe mata darasi, harafi bayan harafi, tun ba ta iya karanta ko kalma ɗaya ba.