Doguwar Hanya Daga Filin Jirgi

Da ta fito daga filin jirgi, ta yi mamakin ganin abokin yayanta ne ya zo ɗaukarta. Ya karɓi akwatinta, ya ƙi yarda su haɗa ido.

A shataletale ya bar titin da ya miƙe tsakiyar gari, ya ɗauki zagaye. Ta saci kallonsa, sai gumi yake duk da sanyin motar.

"Yaya, ka manta hanya ne?"

"Waccan minti ashirin ce, ba za ta ishi maganata ba." Ya haɗiyi yawu. "Jiya na je wurin Baba. A kanki."

"Me ya ce?"

"Ya ce ke zan tambaya."

Ta juya wajen taga tana ɓoye murmushi.

"To rage gudu mana," in ji ta.