Ƙofar da Ke Kiran Sunan Sallau

Tun da aka kafa ƙofar gwaji ta ƙarfe a bakin kasuwa, ba mai shiga sai ta shinshina jininsa. In sojojin jikinka sun koyi yaƙar tarin fuka, sai ta ambaci wanda aka haɗa allurarka da jininsa: "Jinin Sallau, wuce."

Sallau ɗan farin Inna Tabawa ne. An yi ta ɗibar jininsa ana yi wa gari rigakafi, har ya kwanta bai tashi ba. Ita kuwa, don alkunya, ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita bakinta ba. "Wannan yaron" take cewa. Yanzu ga ƙarfe yana kiransa gatsal, daga safe har magariba.

Ranar Laraba ta ajiye tallan daddawarta, ta tsaya kan mai gadin ƙofar.

"Kai ɗan nan, kun shanye mini shi da rai, ku bar shi ya kwanta mana. Cire shi daga bakin abin nan."

"Ana cirewa, Inna. Amma doka ce, sai mahaifiya ta faɗa wa ƙofar sunan da bakinta."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Ta matsa kusa.

"Sallau."

Ashe haka yake da daɗi a baki.

"A goge?" in ji ƙofar.

Inna Tabawa ta zauna a ƙasa, ta sake kiransa.