Kumfa Ɗaya a Cikin Tiyo

Tun da iska ta lalace, duk burkutun da ta taɓa bayan ya nuna kisa yake yi, kuma ɗanɗanonsa ba ya canzawa. Leɓen wanda ya sha ne kawai ke yin baƙi kafin ya faɗi. Mata duk sun daina dafawa a ƙauyenmu, ban da ni da Inna Tabawa, yayar mahaifiyata. Ni na yi karatu, ni na haɗa tiyon da ke kai giya daga randa zuwa durom a rufe, kuma ban taɓa yin kuskure ba.

Ranar gayyar noma da hantsi, muna cikin juyewa, na ga kumfar iska ɗaya kamar ƙwayar gero ta bi tiyo ta shige durom. Dawarmu ta ƙarshe ke nan, ga manoma suna hanya.

"Kin yi shiru, 'yar boko," in ji Inna. "Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Manoma suka zauna a gindin ɗorawa. Al'ada ce mai giya ta fara sha a gabansu. Inna ta cika ƙwarya tana zolayar ɗaya daga cikinsu, Baba Nomau, da giɓinsa, sai na karɓe daga hannunta.

"Ke Rifkatu, wane irin rashin kunya ne wannan?"

"Tiyona ne, Inna."

Na shanye tas, na ci gaba da tsayuwa a gabansu. Babu wanda ya miƙo ƙwaryarsa. Leɓena kowa yake kallo, Inna kuma ta daina dariya.