Ɗaga Haɓa

Ran da ɗan wata mata ya gaishe ta a tsaye, idonsa cikin nata, sai da ludayi ya suɓuce mata. Zamanin Turawa ne fa, jikokina, lokacin da ɗa ba ya kallon tsabar idon uwarsa.

"Kai, me suke ba ku a makarantar nan?"

"Karatu ne kawai, Inna."

Ina! Ba ta yarda ba. Ta shinshina bakinsa, ta zazzage aljihunsa, ta karɓo masa rubutu ya sha. Da safe ta bi sawunsa tun daga unguwar Hausari, ta laɓe a bayan dangar makarantar.

Sai ga malam yana bin samarin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga musu haɓa. "Baturen kantin gyaɗa zai zo ɗaukar akawu," in ji shi. "A wurinsa duk mai sunkuyar da kai ɓarawo ne, wani abu yake ɓoyewa. Ku dube ni!"

Ta koma gida tana ta jujjuya maganar. Ga shi irin aikin nan suke jira tun da maigida ya kwanta ciwo.

Bature ya zo, yaron ya dube shi ido cikin ido, aka ɗauke shi.

Da la'asar ya shigo da albishir. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ta rene shi.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Can ta ce, "Ɗago ka dube ni. Me kake ɓoye mini?"