Ɗakin da Ke Jikin Gwangwanin Biskit

Ka ce sai sanyi ya kankama za ka nemi abin toshe ɗakinka? To gyara zama, mutumina, ka ji yadda wani ya yi.

Wani direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Nguru, inda rana ke dafa ƙwai tun yana cikin kaza. Matarsa mai ciwon ƙirji ce, in zafi ya tsananta sai numfashinta ya riƙa kuka kamar tsohon ƙyaure. Da ya ajiye tuƙi ya rantse sai ya kai ta inda iska ke da sanyi, ya ɗauke ta suka haura tsaunin Mambila. To, akwai wani gwangwanin biskit da yake tara ƙusoshi a ciki, a murfinsa an zana ɗaki na gungume zalla, hayaƙi na fita ta kansa. Shekara da shekaru, duk inda mota ta lalace, wannan ɗaki yake kallo. Don haka da ya samu fili bai nemi magini ba, gwangwanin ya ɗora kan dutse ya zama masa magini. Ya sare itatuwan turare ɗanyu shataf, ya jera gungume kan gungume, suka haɗe ƙam, ko allura sai ta nemi izini. Mutanen wurin suka zo taya murna, suka shafa bango, suka ce ɗanyen itace fa ramewa yake yi. Tun ƙasa na da laushi a tono jar ƙasa, a kwaɓa da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, a rufe ta ta ruɓa, don ranar da tsagogi za su buɗe. Har tayin gayya suka yi masa. Ya juya gwangwani sama, ya juya ƙasa, bai ga kashin shanu a hoton ba. Ya ce, "Na gode. Amma ban raba matata da zafi don in kwantar da ita a garke ba."

Damina ta ɗauke, itace ya shiga rama. Da fari wuƙa ce ke ratsa tsakanin gungumen, sai hannu, har ta kai akuyar maƙwabta na zuro kai ta ga abin da aka ɗora a murhu. Ɗarin kan tsauni kuwa ba irin wanda ka sani ba ne. Ruwan buta yanka yake yi kamar aska, shayi kafin ya iso baki ya mance an taɓa dafa shi. Iska ta shigo ta gabas, ta gaishe da masu gida, ta fita ta yamma, ba ta ko rage gudu. Tarin matar ya dawo, ya zo da 'yan'uwansa. Mutumin ya cusa tsummoki a tsagogi, ya cusa buhuna da kwali da tsohuwar robar taya, har babbar rigarsa ta Juma'a, iska ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa. Ya hura wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi ya ƙi bin hanyar da ya bi a hoto, ya nufi ƙirjin matar. In ya kashe wuta ɗari ya ci ta, in ya hura hayaƙi ya shaƙe ta. Sai a lokacin ya ɗauki diga. Ƙasa ta riga ta bushe kamar ƙarfe, ruwa ya janye can ƙasan kwari. Ya kwaɓa da safe ya yaɓa da rana, kashegari ya tarar yaɓen ya zubo kamar ƙanzo. Ya sake, ya sake zubowa. Ya tafi neman masu gayya, ya tarar sun gangara kwari da shanunsu neman ɗanyar ciyawa. Kashin shanun nan da ya raina, ga shi yau da kwano a ka yana bin tudu da gangare yana nemansa kamar mai kalen gyaɗa.

Da ƙyar ya tara abin da ya tara, ya kwaɓa yadda aka faɗa masa tun farko, ya rufe da ganye. Amma ƙasa ba ta san gaggawa ba, ba ta da hon, ba ta da giya irin ta mota. Kullum sai ya buɗe ya sunsuna, ya mutsuka a hannu, ya mayar ya rufe, a ɗaki kuma tari na ƙara zurfi. Matar ba mai ƙorafi ba ce. Sau ɗaya dai, yana gyara mata bargo, ta dube shi ta yi murmushi ta ce, "Malam, ashe zafin garinmu ma rahama ne." Ranar da ƙasar yaɓe ta nuna, wata ƙasar daban aka tona a bayan gari.

Bayan an share makoki ya yaɓe ɗakin, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Yaɓe ya kama, ya yi kyau. An ce yanzu duk tsaunin babu ɗaki mai ɗumin nasa, man shanu in ka ajiye a kwano narkewa yake yi. Yana nan a ciki shi kaɗai, yana gumi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.