Baba Kafinta Na Wane Ɓangare Ne?

Baba Kafinta yana kwance a ɗan ɗakinsa na bayan shago, ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum, idonsa na kan ƙofa. Ƙusa mai tsatsa ce ta soke shi, ga shi da ma yana fama da ciwon suga. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure can wata uwa duniya. Ko motsi ya ji a waje sai ya gyara kwanciya, ya ce ga 'yan coci nan sun iso. Sai ya ga akuyar maƙwabta.

Abin ya ɗaure masa kai. A cocinsu ko mura mutum ya yi, sai an cika masa ɗaki da addu'a da surutu har ya gwammace murar.

To, jama'a, ku ji inda gizo ya yi saƙa. Cocin ta tara mutane iri-iri, kowa da yarensa, da ma'aikata masu takalmi mai ƙwas-ƙwas, da 'yan kasuwa, da masu aikin ƙarfi. Sai rigima ta tashi a kan ganga. Wasu suka ce yabon Ubangiji babu kiɗa da rawa ai zaman makoki ne. Wasu suka ce a tsaya ƙyam da littafin waƙoƙi, gidan Allah ba gidan biki ba ne. Fasto ya gaji da rabon faɗa, ya raba sujada biyu: masu littafi da safe, masu ganga da yamma. Zumuntar mata ma ta dare gida biyu. Har tsintsiya kowa ya sayi tasa.

Shi Baba bai taɓa gane kan rabon nan ba. Da safe ya je ya ja waƙa da muryarsa mai kama da zarto, da yamma ya dawo ya yi tafi.

Da ƙafar ta fara wari, sai ya kira maƙwabcinsa Mai Faci. Ya ce, "Ɗana, taimaka ka je cocinmu da safe, ka nemi Mama Nas. Ita ce shugabar mata, ta yi aikin asibiti, ta san kan ciwo."

Mai Faci ya je ya dawo yana sosa ƙeya.

"Baba, ta ce a gaishe ka. Amma wai kai na yamma ne."

"Ni? Na yamma kamar yaya?"

"Wai da idonta ta gan ka kana ɗaure wa ganga fata. Ta ce in ta zo, masu ganga za su ce tana sace musu mutane."

Baba ya tuna. Gangar ta yage ne, aka kawo masa, ya gyara. Wannan ma laifi ne? Ya ce, "To koma da yamma wajen Uwar Mawaƙa. Mijinta yana da mota, sai su kai ni asibiti."

Mai Faci ya sake dawowa, wannan karon ko zama bai yi ba.

"Ita kuma ta ce kai na safe ne. Wai kullum littafin waƙoƙi na leƙowa daga aljihunka. Ta ce tun da suna da nas a can, ba za ta shiga hurumin da ba nata ba."

"To ni ɗin na ina ne?"

"Baba, ni faci na sani."

Shi kuwa Fasto, da ya ga babu Baba da safe sai ya ɗauka zai zo da yamma. Da yamma cikin ƙurar rawa, wa yake ƙirga kawuna?

Baba ya ci gaba da jira. Ya ce ba dai mutanen da ya sassaƙa wa bencin da suke zama a kai ba, za su zo, ruɗewa ce kawai. Zazzaɓi ya rufe shi har ya fara kiran matarsa da ta rasu. Nan Mai Faci ya ce ina, ya ɗora shi a kan amalanke sai asibiti.

Likita ya buɗe ƙafar, ya girgiza kai. Ya ce da an kawo shi tun farko, wanki da allura sun isa. Aka yanke ta daga gwiwa.

Labari ya bazu, sai ga 'yan coci tururuwa. Mama Nas ta tsaya a dama da kwanon abinci, Uwar Mawaƙa a hagu da nata, kowace tana hararar kwanon 'yar'uwarta.

"Da kun duba mutuminku da ba a kai ga haka ba," in ji Mama Nas.

"Mutumin wa? Ke da kike taƙama da allura, me ya riƙe ki?"

Har suka koma gardamar wa za ta fara addu'a, da waƙa za a buɗe ko da karatu. Baba ya dubi wannan, ya dubi waccan. A hankali ya janye mayafin da ke jikinsa. Uwar Mawaƙa ta dafe baki.

Ya ce, "'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho, har yanzu ban gane ba. Allahn da ake kira da safe, daban yake da na yamma?"

Shagon Baba yana nan a rufe har yau, don mai ƙafa ɗaya ba ya tsayuwar sassaƙa katako.

Jama'a, ikilisiya jiki ɗaya ce, ko da ganga kake yabo ko da littafi. In an ce ɗan'uwa ba shi da lafiya, ku tashi ku je, kada ku tsaya tambayar na wane ɓangare ne.